Minti 6 a barandar asibiti

Kawuna ya yi shekara talatin yana jan tirela daga Ojoo zuwa Arewa, taba kuwa sai bara ya rabu da ita. Duk sanda ya zo kemis ɗina karɓar maganin shaƙa, in na tambaye shi jiki sai ya ce, "Da sauƙi, 'yata." Matarsa ce ta tona masa asiri. Ashe ya daina zuwa masallacin bayan tasha, don kada ya tsaya haki a hanya mutane su gani.

Haka masu toshewar hanyoyin huhu, cutar da likitoci ke kira COPD, suke yi. Suna rage tafiya kaɗan-kaɗan har hakin ya daina damunsu, sai su zaci sauƙi ne. Ni da na karanci magani ma na yarda da maganarsa wata da watanni.

A asibitin koyarwa na UCH, nan cikin Ibadan, bayan gwajin busa da ya tabbatar da cutar, aka yi masa gwajin tafiyar minti 6. An auna mita 30 a baranda, an maƙala masa na'urar auna iskar oksijin a yatsa, aka ce ya yi ta kai da komowa iyakar ƙarfinsa. Yana iya tsayawa ya huta, amma agogo ba ya jira. Mai lafiya kan yi mita 400 zuwa 700. Mai wannan cuta in ya gaza 350, likita yakan ƙara sa masa ido. Kawu ya jingina da bango sau biyu, bai kai 300 ba. Ranar bai ce da sauƙi ba.

Amfanin lambar shi ne a dawo a sake aunawa. Ƙarin mita 30 kawai bayan magani da motsa jiki, ci gaba ne da mara lafiya ke ji a jikinsa. Kada dai a gwada a gida in akwai ciwon ƙirji ko na zuciya. Iyayenmu mata masu tuwo da icce a Sasa su ma hayaƙin na kama su, ko da ba su taɓa shan taba ba.

Yanzu Kawu yana fita azahar da la'asar. Yakan tsaya sau ɗaya wajen mai shayi, wai gaisawa yake yi.