Tiyon Roba a Kunnen Mahaifina

Mahaifina bakanike ne. Sai da na kusa shekara arba'in a duniya kafin na iya faɗin wannan magana a cikin taro ba tare da na sassauta murya ba. Garejinsa a Kaduna yake, rumfar kwano ce a gindin wata darbejiya, ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta koma kamar kwalta. Ya koyi sana'ar tun zamanin da motocin Ingila, Morris da Austin da Land Rover, suke cin kasuwarsu a titunan Arewa, kafin Peugeot ta buɗe masana'antarta a Kaduna a 1975 ta ture su gefe.

Abin da na fi tunawa da shi wani guntun tiyon roba ne da bai kai kamu biyu ba, wanda ba ya rabuwa da aljihunsa. In an kawo mota mai ciwo, sai ya sa a tayar da ita, ya kafa baki ɗaya na tiyon a kunnensa, ya riƙa yawo da ɗaya bakin a jikin inji, idanunsa a rufe kamar mai sauraren karatu. A lokacin ina ganin wannan alamar rashin ilimi ce da rashin kayan aiki. Wata ranar ziyara a makarantar kwana ya zo mini da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ya sa fararen kaya, amma faratansa sun ƙi fita duk da wankin kananzir. Da abokaina suka tambaye ni ko wane ne, na ce direban gidanmu ne. Yana tsaye bai fi taku biyar daga gare mu ba. Bai ce komai ba a ranar, bai kuma taɓa tayar da zancen ba.

Shekaru suka shuɗe, karatu ya kai ni Birmingham a Ingila, na kama hayar ɗaki a gidan wani dattijon Bature da matarsa ta rasu. A garejin bayan gidan akwai wata ƙaramar mota ja mai kujera biyu da rufin tamfol, an lulluɓe ta da bargo. MGB ce ƙirar 1969. Ya ce da ita suka yi yawon amarci, kuma tun da matar ta kwanta ciwo bai sake tayar da ita ba. Yana so ya ji kukanta kafin ya mutu, amma hannuwansa sun fara karkarwa, ba sa iya riƙe sifana. Sai ya yi mini tayi: ya rage mini kuɗin haya, ni kuma in zama hannunsa duk ranar Asabar. Don kuɗin na amince, ba zan ɓoye ba.

Ga mai karatu da bai san motar ba, an ƙera MGB a garin Abingdon kusa da Oxford daga 1962 zuwa 1980, an kuma fitar da sama da dubu 500, galibinsu aka kai Amurka. Injinta, wanda ake kira B-series, ba wani abin al'ajabi ba ne. Silinda huɗu ne a jere cikin bulokin baƙin ƙarfe, girmansa cc 1,798, ƙarfinsa kamar na doki 95. A masana'antar Longbridge ake yin sa, nan cikin Birmingham, tafiyar 'yan mintoci a bas daga gidan da nake. Na farko-farko gindi uku ne ke riƙe da karanshaf ɗinsu. Daga 1964 aka mayar da su biyar don inji ya ƙara natsuwa da juriya. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, 'yan'uwan wannan inji, masu cc 1,489 da 1,622, su ne a cikin Morris Oxford da Austin Cambridge, motocin da mahaifina ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashinsu.

Muka sauke injin a farkon hunturu. Dattijon yana zaune a kujera da littafin gyara a cinyarsa, ni ina durƙushe. Dokarsa ta farko ita ce tsari. Kowane nati da ƙusa da na kwance sai an sa shi a leda an rubuta daga inda ya fito. Sandunan da ke tura bawul guda takwas ne, ya sa na huda kwali na jera su bi da bi, domin kowanne ya riga ya saba da mazauninsa, in aka musanya sai su ci juna. Da muka cire kan silinda, ya sa na wanke shi tas, ya ɗauko gilashin ƙara girma yana duba tsakanin silinda ta biyu da ta uku. Ya ce nan ne rauninsa: bawul biyu na tsakiya ƙofa ɗaya suke fitar da hayaƙi ta cikinta, saboda haka wurin ya fi ko'ina zafi, kuma nan ƙarfen yake fara tsagewa. Muka yi sa'a namu lafiya lau.

Sai dai mazaunin bawul ɗin hayaƙi ya lotsa. An ƙera waɗannan injuna ne lokacin da ake zuba dalma a fetur, dalmar kuma tana zama kamar matashi tsakanin bawul da mazauninsa. Da aka daina sayar da irin wannan fetur a gidajen man Birtaniya a farkon shekarar 2000, sai bawul ya riƙa dukan tsuran baƙin ƙarfe yana nutsewa a hankali. Maganin shi ne a kai wa masu injin yankan ƙarfe su dasa zobba masu tauri a wurin. Su ne kuma suka faɗaɗa mana silinda da kashi 20 cikin dubu na inci, suka yanki karanshaf da kashi 10, muka sayo fistin da ringi da metal daidai da sabon awon. Tiyon mai ma muka sauya su duka, domin tun watan Satumbar 2021 fetur ɗin da aka fi sayarwa a can yana iya ɗaukar ethanol har kashi 10 cikin 100, shi kuwa yana cinye tsohuwar roba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sauƙin samun kayan. Motar da aka rufe masana'antarta tun 1980, amma ka buga waya yau, gobe a ƙwanƙwasa maka ƙofa da gaskit da bawul sababbi fil. Kamfanin British Motor Heritage yana buga sabon gangar jikin MGB tun 1988 da ainihin ƙarafan da aka yi na farko da su. Kafireton SU har yau wani kamfani mai suna Burlen yana yin sa a Salisbury. Ƙungiyar MG Car Club, wadda aka kafa a 1930, tana nan da ofishinta a Abingdon. Hukuma kuma ta yafe wa motar da ta haura shekara 40 harajin hanya. Duk da haka su kansu Turawan ba sa musun cewa injin yana yoyon mai, wayoyin wutarsa kuma ba su da alkawari. Suna yi masa ba'a, suna kuma tattalinsa.

Na yi ɓarna a hanya. Wata Asabar ina gaggawar tafiya wani taro, na tura fistin na uku da ƙarfi, na ji ƙas, ringi ya karye. Na so in yi shiru in rufe, domin babu mai gani. Dattijon da ba ya ji sosai bai ji ƙarar ba, amma ya ga fuskata. Ya ce, "Samari, inji ba ya riƙe sirri. Abin da ka ɓoye masa yau zai faɗa wa duniya bayan mil ɗari." Muka jira mako guda aka kawo wani. Daga ranar na daina duba agogo a garejin. Na koyi ɗaure natocin kan silinda daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, da sifana mai awo. Na koyi barin tazarar kashi 15 cikin dubu na inci a kan kowane bawul, da irin wannan tazara a bakin kwantak, da kashi 25 a bakin fulogi. Na haddace jerin tashin wuta, 1-3-4-2, kamar yadda yaro ke haddace lambar gidansu.

Da bazara ta shigo injin ya tashi. Ya yi tari, ya yi hayaƙi, allurar mai ta hau, sannan ya kama. Amma yana rawa kamar mai zazzaɓi, domin saura babban aiki, wato daidaita kafireto. MGB guda biyu gare ta, kowane yana ciyar da silinda biyu. Kafireton SU abu ne mai sauƙin fahimta: wata ƙwarya ce ta alminiyam kamar ƙararrawa, a cikinta akwai fistin mai ɗauke da allura mai tsini. In inji ya zuƙi iska sai fistin ya ɗaga, allurar ta zaro daga ƙofar mai, mai ya ƙaru daidai da iskar. Wahalar ita ce a sa biyun su riƙa numfashi daidai wa daida, kamar shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya ɗaya.

Dattijon ya buɗe wata durowa ya laluba, ya miƙo mini guntun tiyon roba. Ya ce kunnensa ya mutu, ni zan saurara: in kafa baki ɗaya a kunnena, in kai ɗayan bakin kafireton gaba, sannan na baya, in riƙa juya sukurun silo har sai shuuu ɗin da nake ji ya zama ɗaya. Ya nuna mini shafin a littafin gyara, ga shi nan a rubuce da Ingilishi, har da zane. Na tsaya riƙe da tiyon na kasa motsi. Abin da na raina shekara talatin a matsayin dabarar wanda bai je makaranta ba, ashe shi ne abin da injiniyoyin da suka ƙera motar suka rubuta a yi.

Na daidaita iskar, amma kukan bai yi daɗi ba. Da dare na ɗauki sautin salansa a waya na aika wa ƙanwata, na ce ta kunna wa Baba. A lokacin ya daɗe da barin gareji, idanunsa sun yi rauni. Washegari da asuba saƙon murya ya shigo. Ya ce, "Kai ɗan boko, ina ka samo injin Austin? Wannan mai ya yi masa yawa, ba ka ji yana sukuwa a jere kamar doki ba? Da ƙaranci ne da ka ji yana tsallake-tsallake ba tsari. Akwai nati a ƙarƙashin kafireto, ka ɗaura shi sama fuska biyu, kowanne. Sannan ka ɗaga fistin kaɗan da ɗan ƙarfen da ke gefe. In ya ɗan ɗaga murya ya koma, ka gama. Bawul kuma na ji suna 'yar magana, kada ka matse su. Bawul mai surutu ya fi mai shiru, mai shirun ƙonewa yake yi."

Na fassara wa dattijon. Ya buɗe littafinsa ya bi layi-layi da yatsa, ya ɗago ya tambaye ni a wace kwaleji mahaifina ya koyar. Na ce a gindin darbejiya. Fuska biyun nan kuwa su suka gama aikin. Motar ta kwantar da murya, muka fita da ita unguwa a hankali, yana gefena yana share ido da bayan hannu.

Na san abin da wani zai ce: tsohuwar motar yawon shaƙatawa wasan masu abin hannu ne, ina ruwan wanda ke neman kuɗin mai na babur? Gaskiya ne, kuma ba ina kira a je a sayo MG ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai bambancin makomar ilimin ne. Sani ɗaya ne a kan mutanen nan biyu. Na ɗaya an rubuta shi, an zana, an kafa masa ƙungiyoyi, ana buga shi a mujallu, jikoki suna gado. Na ɗayan yana cikin kunne da yatsu kawai, kuma ɗan da ya haifa, wanda ya biya wa kuɗin makaranta da wannan kunnen, shi ya fara musun sa. Muna yawan kukan cewa ba ma ƙera komai, alhali waɗanda suka san cikin inji kamar tafin hannunsu suna tsufa a unguwanninmu babu mai tambayar su. Ɗalibin injiniya zai gama digiri bai taɓa zama awa guda gaban irinsu da littafi da biro ba, kuma ba na jin laifin ɗalibin ne shi kaɗai.

Da na dawo gida na yi abin da ya sawwaƙa. Dare goma sha ɗaya na zauna da Baba bayan sallar isha'i, waya tana ɗauka, ina tambaya yana bayani: yadda ake gane metal ya ci daga ƙarar safiya, yadda launin fulogi ke faɗin lafiyar inji, yadda suke yanka gaskit da kwali in kaya sun yanke. A dare na ƙarshe na yi ƙarfin hali na tayar da zancen ranar ziyara, na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ai ba ka yi ƙarya duka ba, ni na tuƙo motar." Ya yi dariya, ya ce in ci gaba da tambaya kafin barci ya ɗauke shi.

Bai ga damina ta gaba ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. A cikin kayansa aka sami tiyon, ya bushe ya tsattsage, na roƙa aka bar mini. Faifan dare goma sha ɗayan nan ina kan juyar da su a takarda, na kai na bakwai, kuma akwai kalmomi da yawa na sana'ar da sai na koma wurin tsofaffin yaransa su fassara mini.