Tsibirin Ikko: Ina Talaka Zai Sha Inuwa?

Duk baƙon da mota ta sauke a Obalende da hantsi, abin da zai fara nema bayan ya sha ruwa shi ne wurin da zai zauna ya miƙe ƙafa. To, a nan ne zai tabbata ya iso Ikko. Sama gada ce, ƙasa kuwa motocin haya ne masu ruwan ɗorawa waɗanda mutanen gari ke kira danfo, yaran mota suna ta kwarara kira, masu talla sun cika kowane taku. Babu gindin itace, babu dakali. Wanda ya gaji sai dai ya jingina da ginshiƙin gada, shi ma in wani bai riga shi kasa kaya a wurin ba.

Obalende ba baƙuwar unguwa ba ce ga Hausawa. Tun cikin 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa a Ikko, kuma bisa ga labarin da ake bayarwa, sojan nan ne da iyalinsu aka tasa daga wajen Filin Sukuwa aka kawo su nan, har ma aka ce ma'anar sunan unguwar da Yarbanci ita ce "inda sarki ya koro mu". Watau dai rigimar fili a tsibirin nan ta girmi kakan kowa.

Daga Obalende, tafiya kaɗan ce da ƙafa zuwa tsohon Filin Sukuwar. Sarkin Ikko Dosunmu ne ya ba Turawa wurin cikin 1859, aka yi ta sukuwa da wasanni a cikinsa shekara da shekaru. A nan ne aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya daren 1 ga Oktoba 1960, kuma a nan ne Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Balewa ya yi jawabin samun mulkin kai. Cikin 1972, zamanin Janar Gowon, aka mai da wurin dandalin fareti mai faɗin hekta 14 da rabi, aka sa masa sunan marigayin. A bisa ƙofar shiga akwai siffofin fararen dawaki huɗu sun yi tsaye da ƙafafun baya, da jajayen mikiya bakwai. Abin sha'awa ne ƙwarai ga ido. Amma galibin ciyawar da dawaki suka taka ta zama siminti, kuma dandalin na Gwamnatin Tarayya ne, ana ba da hayarsa don bikin baje koli da manyan taruka. Gajiyayyen baƙo zai kalli dawakin ne ya wuce.

Idan ya bi Titin Broad ya yi yamma, ba zai yi nisa ba zai ga wata tsohuwar katanga mai kauri. Wannan ita ce katangar gidan yarin Turawa, inda aka tsare Herbert Macaulay da Michael Imoudu da Anthony Enahoro, daga baya kuma Cif Obafemi Awolowo. Wajen ƙarshen shekarun 1970 aka rushe gidan, wurin ya daɗe yana kango ana zuba shara, har wani masanin zanen gine-gine, Theo Lawson, ya kawo shawarar a mai da shi lambu. Gwamnatin jiha a zamanin Babatunde Fashola ta karɓa, aka buɗe shi cikin Oktoba 2010, daidai da cikar Nijeriya shekara 50, da sunan Freedom Park, watau Lambun 'Yanci.

Wanda ya shiga ciki sai ya ji kamar an toshe masa kunne daga hayaniyar gari. Ga manyan itatuwa, ga ruwa yana gudana, ga kujeru. An bar alamar ɗakunan fursuna don mutum ya ga ƙuncinsu, kuma inda dā ake rataye mutane yanzu dandamalin makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo ne. Duk tsibirin da wuya a sami inuwa mai daɗin wannan. Sai dai fa ana biyan kuɗin shiga. Ga ma'aikacin banki kuɗin ba kome ba ne, amma ɗan dako da mai tura baro ba za su sayi inuwa kullum ba.

Gaba kaɗan kuma sai Dandalin Tinubu, wanda ya ci sunan shahararriyar 'yar kasuwar nan ta ƙarni na 19, Madam Efunroye Tinubu. Kwarori mazauna Ikko ne suka ba da kyautar maɓuɓɓugar ruwan da ke tsakiyarsa lokacin samun mulkin kai, gwamnatin jiha kuma ta sake gyara shi cikin 2017. An kewaye shi da shingen ƙarfe, motoci na zagaya shi, 'yan kasuwa sun yi masa zobe.

Wurare uku ke nan, ɗaya na tarayya, biyu a hannun jiha. To, ina na ƙaramar hukuma?

Tambayar tana da dalili. A kan hanyar komowa, kusa da Kwalejin Sarki, baƙo zai ga ginin da ake kira City Hall, wanda masu tarzoma suka sa wa wuta cikin Oktoba 2020. Nan ne gidan Majalisar Birnin Ikko ta dā, wadda asalinta ya faro tun 1917, kuma Ƙaramar Hukumar Tsibirin Ikko ce ta gāje ta. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya faɗa ƙarara cewa gina lambunan shaƙatawa da filayen jama'a da kula da su yana cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu. Wannan ya shafi dukkan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan.

Amma akwai wata doka da ta riga ta zama. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ce ƙasar cikin birni shi ne ke da ikon ba da ita, ƙaramar hukuma kuwa sai ta karkara. A Tsibirin Ikko babu karkara ko taku ɗaya. Sa'an nan kuɗin ƙananan hukumomi ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. Saboda haka aka ɗora wa ƙaramar hukuma aikin lambu alhali ba ta da ƙasar shuka, ba ta kuma da tabbacin kuɗin ban ruwa. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma hukuncin na kuɗi ne, bai taɓa dokar ƙasa ba.

Gaskiya ita ce jihar Legas ta yi ƙoƙari. Ta yi doka cikin 2011 ta kafa hukumar kula da lambuna mai suna LASPARK, wadda ke kula da wurare irin su Lambun Muri Okunola a Tsibirin Victoria da Lambun Ndubuisi Kanu a Alausa, kuma an dasa itatuwa a gefen manyan tituna. Amma ikon da ke iya yin lambu da sa hannu ɗaya, shi ne ke iya ba da shi da sa hannu ɗaya. Dattawan Ikko suna tuna Lambun Ikoyi inda iyalai ke fita shan iska ranar hutu. Yau unguwar masu hali ce da ake kira Parkview, sunan lambun kaɗai ya rage. Suna tuna bakin tekun Bar Beach, inda kowa ke zuwa kyauta ya kalli igiyar ruwa. Teku ta yi ta cin gaɓar, daga baya aka cike wurin da yashi don gina sabon birnin Eko Atlantic.

Su ma ƙananan hukumomin ba za a wanke su tas ba. Rumfar kasuwa da tashar mota suna kawo kuɗin shiga kowace rana, itace kuwa ba ya biyan haraji. Don haka a garuruwa da dama, idan ɗan fili ya faɗo hannun ƙaramar hukuma, shaguna ne ke tsirowa a kansa. In ambaliya ta zo domin ruwa ya rasa ƙasar da zai nutse, ko yara suka koma buga ƙwallo a tsakiyar titi, sai kowane ɓangare ya nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Dokokin nan biyu da ke aiki a Ikko su ne ke aiki a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma dandalin unguwa da filin idi da filin ƙwallon makaranta duk irin wannan ƙasa ce da ido ke kai. Ya kamata mutanen kowace unguwa su tambayi kansilansu: shin filinmu an auna shi, an yi masa takarda da sunan jama'a? Filin da ba shi da takarda, ran da mai kuɗi ya ƙyalla ido ya gan shi, ba shi da mai tsaya masa.

Da magariba baƙo zai komo Obalende ya tarar hayaƙin tsire ya turnuƙe, fitilun masu shayi sun kama. A wani lungu yara sun ajiye duwatsu biyu a matsayin raga suna buga ƙwallo. Da mota ta danno kai sai ɗaya ya ɗauke ƙwallon, su raɓe jikin bango har ta wuce, sa'an nan su mai da duwatsun inda suke.