Yanar Koko da Yatsan Inna

Tun ina yaro nake da ɗabi'ar zura wa koko ido kafin in sha. In ya fara hucewa sai yana ta rufe samansa, in na tura gefenta da ludayi sai ta yamutse jere-jere kamar kunyoyin gona. Inna takan ce, "Kai dai sha, kada ka makara." Ban san akwai masanan da suka duƙufa a kan wannan al'amari ba sai da na zo jami'a, aka haɗa ni ɗaki da wani ɗalibin kimiyya.

Ga yadda na fahimci bayaninsa. In fata marar kauri mai tauri tana manne da abu mai laushi, aka matso ta daga gefe, lanƙwashewa ta fi mata sauƙi bisa ga takurewa. Ita ta fi son babban lanƙwasa guda ɗaya, shi kuwa na ƙarƙashi ba ya son a ja shi da nisa, ƙanana yake so. Faɗin kowace kunya, watau, sulhu ne tsakaninsu. In kaurin fatar ya ninka biyu, faɗin kunyar ma sai ya ninka biyu, amma tauri sai ya ninka takwas kafin ya yi wannan aiki. A 1998 wasu masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka shimfiɗa yanar zinariya a kan roba mai zafi. Da robar ta huce ta tsuke, zinariyar ta yi tamoji.

Duk wannan na saurare shi kamar tatsuniya, har ya zo kan yatsu. Da ina zaton ruwa fata ke sha ta kumbura. Ashe jijiya ce ke sa hanyoyin jini su tsuke, naman kan yatsa ya ragu, fata ta yi masa yawa. Ya ce tun 1936 likitoci biyu a Ingila, Lewis da Pickering, suka lura cewa yatsan da jijiyarsa ta mutu ba ya yamutsewa a ruwa.

Nan gabana ya faɗi. Da wankau Inna ta ciyar da mu. Kullum in ta tsame hannu, yatsunta duk sun yamutse ban da manuniyar hagu, wadda wuƙa ta taɓa yanka ran wata Babbar Salla. Mu yara har suna muka sa mata, 'yar gata, wai ba ta tsufa. Inna ba ta taɓa tanka mana ba.

Da na je hutu na roƙe ta ta rufe ido, na ɗora tsinke a kan yatsan, na danna. Shiru. Can ta ce, "To, ka fara mana, ina da aiki." Sai a ran nan na lura da tabon ƙuna har uku a kansa.