Ɗigon mai a ƙarƙashin motar Baba

Cikin gadon da mahaifinmu ya bari akwai mota guda wadda ba wanda ya yi gardama a kanta, don ba mai so. Peugeot 504 ce, amma ba irin mai ƙofa huɗu da muka saba gani a tasha ba, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Wannan mai ƙofa biyu ce, gajeruwa, doguwar baki, irin wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, ta fito a 1969. Ƴar uwarta mai silinda shida ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Tamu mai silinda huɗu ce. Baba ya saye ta a Agadas a hannun wani Bature, lokacin da suke ketaro Sahara ta Tamanrasset da Arlit su sayar da tsofaffin motoci su koma gida a jirgi. Ni ta faɗo wa, kuma na ajiye ta a rumfar gidana a Maraɗi, ina tada ta ranar Lahadi kawai.

Matsalarta ɗaya, yoyon mai. Duk inda ta kwana sai ta bar baƙin tabo kamar faifai. Injinta bai ɗaukar abin da ya wuce lita huɗu da ƴan kai, ni kuwa kowane wata sai na ƙara lita guda. Sau biyu ina kai ta garaji. Na farko ya ɗaure kusoshi ya karɓi jikka biyar. Na biyu ya shafe bakin murfin injin da jan gam har ya yi tozo, ya ce an gama. Kwana uku tabon ya dawo.

A bara ne abin ya haɗu da wata damuwar da ta fi shi nauyi. Ɗana na uku ya faɗi BEPC karo na biyu. Ni malamin lakwal ne, shekara ashirin da shida ina riƙe da alli, kuma duk malamin da ɗansa ya faɗi jarrabawa ya san irin gaisuwar da ake yi masa a bakin masallaci. Na yi masa faɗa har na gaji, uwarsa ta yi kuka, shi kuwa ya koma kamar kurma a gida. Shida bisa ashirin a lissafi. Na riga na yanke a raina cewa yaron ba ya da kai, ko da yake ban taɓa faɗa da baki ba.

Wata safiya cikin hutun damina na fito na tarar da shi kwance a ƙarƙashin motar, ya shimfiɗa kwali. Har na buɗe baki zan kore shi, sai ya ce, "Baba, ba daga inda suke gyarawa yake fitowa ba." Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi mini cikin wata guda, shi ya sa na tsaya.

Ashe ya daɗe yana zuwa wurin wani tsohon makanike a bayan kasuwa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa kan motocin Peugeot. Abin da tsohon ya koya masa shi ne mai ba ya hawa sama, gangarowa yake yi, iska kuma tana kora shi baya idan mota na tafiya. Inda ka ga yana ɗiga ba nan ne ƙofarsa ba. Injin da ya yi shekaru yana yoyo, ga ƙurar hunturu ta manne masa, ko'ina baƙi ne, ko'ina kama da mai laifi yake. Saboda haka sai an wanke tukuna.

Yini guda muka yi muna wanki da gazuwal da tsohon buroshi, bayan ya ɗaure leda a kan kayan wuta. Da injin ya bushe ya shiga ɗaki ya ɗauko hodar uwarsa, ya barbaɗe shi fari fat. Na yi dariya, uwar ba ta yi ba. Muka tada mota ta yi minti goma sha biyar tana aiki a tsaye, shi yana bin jikin injin da tocila. Can sai ga siririn layi baƙi yana tsaga farar hoda. Ya bi shi da yatsa daga ƙasa zuwa sama har inda ya faro. Wuri biyu ne: kusurwar baya ta murfin saman inji, da kuma kusar da ake kwancewa wajen bidanji, wadda zoben jan ƙarfenta ya lanƙwashe don an yi ta mayar da shi ba a canza ba.

Ni da na ga haka na ce to, mu sayi sabon juwan mu huta. Ya ce a'a, akwai tambayar da ba mu amsa ba: me ya sa juwan ɗin ke sakewa? Ya cire wani tiyo da ke fitowa daga injin, ya busa, iska ba ta wuce ba. Ya bayyana mini cewa duk injin da ke aiki, wani ɗan hayaƙi yana sulalewa ta gefen fistan ya shiga inda mai yake, kuma wannan tiyon ne hancin da yake fita ta ciki. Idan laka da ƙura suka toshe shi, iskar ta rasa hanya, sai ta tura mai ta duk wurin da ya fi rauni. Ka canza juwan goma, na sha ɗaya ma zai yi yoyo. Na tsaya ina kallonsa. Darasin matsin iska ne, wanda ke cikin littafin kimiyyar da ya ci biyar a kansa, ga shi yana karantar da ni da baƙin hannu.

Da muka cire murfin muka ga ɓarnar masu gyaran baya. Wanda ya ɗaure kusoshi da ƙarfin tuwo ya murƙushe juwan ɗin har ya fashe. Jan gam ɗin kuwa ya tsinke guntu-guntu ya faɗa ciki, kuma yaron ya ce irin waɗannan guntaye ne ke toshe rariyar famfon mai, inji ya ƙone alhali ma'auni na nuna akwai mai. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, muka zubar da tsohon man gaba ɗaya.

Juwan bai yi wuyar samu ba, don na 504 ɗin tasha ya shiga daidai. Tsohon makaniken ya zo da kansa ranar ɗaurawa, ya zauna kan benci bai taɓa komai ba. Abin da kawai ya ce da yaron shi ne ya riƙa ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan, yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, ya tsaya da zarar hannu ya ji sun zauna. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, "Mushe, yara nawa suka wuce ta hannuna, masu ƙarfi sun fi yawa. Wannan tambaya gare shi. Kar ka bar shi wurina kawai, ni ban iya karanta takardar mota ba, motocin yanzu kuwa da kwamfuta ake duba su."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tuna sau nawa na rubuta wa ɗan wani "ba ya ƙoƙari" a takardar sakamako, ban taɓa tambayar abin da yake yi tsakanin la'asar da magariba ba. Ba na cewa duk wanda ya faɗi BEPC makanike ne a ɓoye, wasu wasa ne kawai ya yi musu yawa. Amma nawa ɗan a gidana yake kwana, kuma sai da mota ta yi yoyo na san shi.

Mun yi shawara da uwarsa, wadda har yanzu tana son ganinsa da babbar riga a ofis. A watan Oktoba ya shiga cibiyar koyon sana'a, sashen gyaran mota, da sharaɗin zai sake zama BEPC a matsayin mai zaman kansa. Lissafin muna yinsa tare bayan isha'i, ya kai tara yanzu, kuma har gobe yana ƙin rubutun Faransanci. Kwalin yana nan a ƙarƙashin motar. Kowace Lahadi shi yake fara jawo shi ya duba kafin ya miƙo mini makulli.