Kunamun Masama da Danginsu na Sahara

Da bazara na sauka Masama ta ƙasar Gwandu, lokacin da zafi ke korar mutane daga ɗaki su kwana tsakar gida. Lokacin ne kuma kunama ke fitowa farauta. Ba a shimfiɗa tabarma sai an haska ƙasa da tocila, ba a sa takalmi da asuba sai an kakkaɓe.

Washegari mai masaukina, dattijo manomi, ya ɗaga wani tsohon tubali a gindin rumbu. Ga wata 'yar kunama ja a maƙale, hannuwanta sirara, wutsiya a murɗe, ƙarin a tsaye. Ya ce, "Ɗana, kak ka ga duwu baƙi ƙato ka firgita. Wagga ƙarama ita ad da mugun dafi."

Maganarsa ta dace da ta masana. Duwu da manyan hannuwansa yake murƙushe abin da ya kama, don haka dafinsa bai cika tsanani ba. Masu siraran hannuwa kuwa da dafi suka dogara, kuma yawancinsu 'yan gidan da ake kira Buthidae ne. A duniya akwai nau'in kunama fiye da 2,500, amma waɗanda ke iya kashe mutum ba su wuce talatin ba, kusan dukkansu daga wannan gida.

Abin da ido ba ya gani shi ne yadda zuriyar ta rarrabu. Kunamar hamada mai suna Leiurus, wadda aka fara bayaninta a 1828, an daɗe ana ɗauka nau'i ɗaya ce tak. A 2002 aka gano ta biyu a Jodan, daga nan aka yi ta samun wasu, har a 2021 masani Wilson Lourenço ya bayyana wata daga Najeriya. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna kunamu biyu na iya kama da juna kamar an tsaga kara, alhali kakanninsu sun rabu tun da daɗewa. Kunama ba ta tafiya mai nisa. Sahara kuma ta sha sauyawa daga dausayi zuwa rairayi. Shekara 6,000 da suka wuce tana da tafkuna da ciyawa. Duk sauyi sai ya datse wasu a lungunsu, su zama dangi dabam.

Wannan ya shafi rayuwar yara, domin su harbi ya fi yi wa illa, kuma maganin dafi da aka haɗa don nau'i ɗaya ba lallai ya yi aiki sosai a kan wani ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi nan a Kalgo. Ina fata ɗalibanta su shigo ƙauyukan Gwandu, su zauna da manoma, su tattara kunamun nan su tantance su, domin likitan da aka kawo wa yaro cikin dare ya san da wace kunama yake fama.