Kuɗin tsohon jirgi a gindinsa yake

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, naira kuma ta bi sahu ta faɗi, bakin ruwan Yauri ya canza kama. Jiragen da aka kife shekara da shekaru, awaki na kwana a inuwarsu, duk an bi an birkice su. Sabon injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ya fi ƙarfin talaka, katako ma ba a magana. Sai samari suka koma kan abin da iyayensu suka haƙura da shi. Kowa ka gani da guduma da gwangwanin fenti, wai zai ta da tsohon jirgi ya shiga lodi.

Ni ba na ƙin gyara. Da gyara na ci abinci, da shi na aurar da 'ya'ya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda yaran nan suke farawa. Daga sama suke farawa: fenti shuɗi da ja, suna a gefe, wani har da hoton zaki. Gindin jirgin kuwa, wanda shi ne tsakanin mutum da ruwa, ba mai leƙa shi.

Ɗan ƙanena ya zo mini da murna, ya ce, "Baba, na yi tsintuwa, jirgi da injinsa, kuɗin ko na babur bai kai ba." Na ce, "Madalla. Ka shiga ƙarƙashinsa?" Ya ce ai injin ya tashi a ja biyu. Muka je. Na ciro 'yar wuƙata na danna tsininta a katakon gindi, kusa da baya, inda ruwa da mai ke kwanciya. Ta shige kamar a dafaffen rogo. Da na zaro ta, baƙin gari mai danshi ya biyo ta, ga warin ruɓa. Na matsa taki ɗaya na sake dannawa, haka. Yaron ya yi shiru, don ya gane cewa kuɗin da ya biya mai jirgi kafin alƙalami ne kawai.

Ga yadda abin yake tafiya, ga wanda bai taɓa yi ba. Kafin a taɓa komai sai an jawo jirgin tudu, kuma ba aikin mutum biyar ba ne. Za ka tara majiya ƙarfi, ka ciyar da su, ka ba su na goro. Sai a bar shi ya sha iska. Kafinta ya zo ya ce katako uku za a cire. Kada ka yarda da ukun nan. Da zarar ya ɓamɓare na farko, sai a ga haƙarƙarin da yake riƙe da shi ya ruɓe, ƙusoshin sun ci tsatsa sun zama gari, sun bar rami. Sabon katako ba ya kama ruɓaɓɓen haƙarƙari, dole a sauya shi, shi kuma ya ja maƙwabcinsa. Uku ta koma bakwai. Sannan a zo toshiya: a cusa auduga ko tsumma a kowace tsaga, a dafa kwalta a shafe, a jira ta kama, a tura jirgin ruwa a ga inda yake yoyo, a sake jawo shi. Duk wannan ba a zo kan katakon baya ba, inda ake ɗaure inji. Shi ne yake shan jijjiga kullum, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa. Na ga injin da ya tsinke da katakonsa ya nutse a tsakiyar ruwa, mai shi na riƙe da hannun tuƙi kawai.

Katakon ma ina yake? A zamaninmu maɗaci ake nema, busasshe, wanda guduma ke yi wa ƙara. Yanzu dazukan an cinye su da gawayi, wanda ya rage kuma tsoron 'yan bindiga ya hana shiga. Abin da ake kawowa kasuwa ɗanye ne, fari, mara nauyi. Ka buga shi yau, rana ta dake shi, ya tsuke ya bar maka tsagar da yatsa zai shiga.

Inji kuwa nasa karatun daban. Tashi a ja biyu ba shaida ba ce. A sa shi a ruwa a duba ko yana tsarto ruwan sanyaya ta baya; in bai tsarto ba, robar da ke jan ruwa ta mutu, kuma ba a daɗewa fistin zai kama. A kwance ƙusar giya ta ƙasa a ga man: in ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, ka shirya kuɗi. Kafireta, fulogi, ringi, farfela da ta sha duka, kowanne da farashinsa. Ka aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Anacha, a kawo maka kaya a kwali mai kyau da sunan kamfani, ka ɗaura, wata guda ya narke, ashe jabu ne. In kuma ka haɗu da bakaniken da ya koyi aiki a kan janareta, to ka shiga gyaran gangar Auzinawa. Waɗannan injuna da baƙin mai ake gauraya fetur ɗinsu, amma tun da litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a 2024, sai ka ga yaro yana rage baƙin man wai yana tattali. Tattalin kwalba ɗaya, asarar inji guda.

Amma duk wannan kuɗi ne, kuɗi kuwa ana nemo wani. Inji in ya mutu a tsakiyar ruwa, ka ɗauki filafili ka tuƙa, ko wani ya ja ka. Gindi in ya buɗe, ba filafilin da zai cece ka. Shi ya sa nake ta nanata magana ɗaya har yara suna cewa tsufa ne.

Mun ga abin da ya faru a Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021. Jirgi ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150, ya dare a kan hanya, 'yan kaɗan ne suka tsira. Jami'ai suka ce ya tsufa, an kuma yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Aka yi kuka, manya suka zo ta'aziyya, aka raba rigunan ruwa a gaban masu ɗaukar hoto. Bayan shekara biyu sai ga na Patigi a jihar Kwara, 'yan biki, su ma fiye da ɗari. Rigar ruwa abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma ban taɓa ganin wanda ya zo da wuƙa ya danna gindin jirgi kafin a bar shi ya ɗauki mutane ba. Fasinjan ma da nasu: su ga yaro zaune a tsakiya da yankakkiyar jarka yana kwasar ruwa tun kafin a tashi, su tsallake shi su zauna, har da faɗa a kan wuri.

Kuma ruwan nan namu ba ya yafiya. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da ƙauyuka da gonaki, ya haɗiye itatuwa a tsaye. Kututturansu suna nan har yau. In ruwa ya ja baya sai su matso kusa da sama, ba ka ganinsu sai ka ji su. Lafiyayyen katako zai daki kututture ya tsage, a toshe da riga a kai gaɓa. Ruɓaɓɓe sai dai salati.

Wani zai ce to Baba, a bar tsofaffin jirage ke nan? A'a fa. In ka tambaye ni tsakanin tsohon jirgin maɗaci da sabon da ake harhaɗawa yau da ɗanyen katako, tsohon zan shiga da jikokina. Tsohon injin da ba a taɓa buɗe cikinsa ba ya fi wanda aka wanke aka fesa wa fenti aka ce daga waje yake. Na san na nuna cewa arha ba ta ado, ga shi kuma ina yabon tsoho. Duka biyun haka suke. Akwai jirgin da in ka kashe masa, zai yi maka wasu shekaru goma. Akwai wanda itacen girki ne da suna a gefe. Mai sayarwa ba zai bambanta maka su ba, kai ma da zuciyarka ta riga ta kwanta a kan abin ba za ka gani ba. Ka tafi da wanda ba shi da ko kwabo a cinikin.

Lokaci ma kuɗi yake ci, shi kuma ba mai sa shi a lissafi. Ana cewa sati biyu, sai a shafe damina. Ranar kasuwa ta zo, jiragen wasu na sauke buhunan albasa da shinkafa, naka na kife, mai bashi na sallama a ƙofar gida. A nan ne mutum yake karaya ya ce wa kafinta, "Malam, a lallaɓa haka nan, in na yi lodi biyu ma ƙarasa." Ba a ƙarasawa. Jirgin da ya koma ruwa ba ya sake hawa tudu sai ya yi ɓarna.

Kafintan da nake kai wa aiki, wanda in ya ƙwanƙwasa katako da bayan guduma yake gane ruɓa ta sauti, idonsa ya fara rauni. Ba shi da almajiri ko ɗaya. Babban ɗansa na kabu-kabu, ƙaramin ya tafi haƙar zinariya.