Mangwaron Tsakar Gida

Da na kammala digiri a fannin zanen gine-gine a Zariya, mahaifina ya danƙa mini aikin sabunta gidanmu na Ikara. Na zana gida irin na birni: falo da ɗakuna huɗu, duk a ƙarƙashin rufin kwano ɗaya. Babu zaure a takardar, babu tsakar gida, balle mangwaron da kakana ya shuka.

Kakata ta karɓi takardar ta jujjuya, sannan ta ce, "Ɗan nan, a ina zan shanya tumatir da barkono? Idan bazara ta tsananta aka ɗauke wuta, a ina za mu shimfiɗa tabarma?"

Na rasa amsa. Iska da hasken da na yi shekaru ina lissafawa a aji, ashe a cikinsu na tashi, a filin da aka yi shagalin sunana, inda turmi ke kwana.

Na sake zane. Na kewaye mangwaron da baranda, ƙofar kowane ɗaki tana dubansa, zaure kuma ya tsaya inda yake domin baƙi. Ɗaki ɗaya aka rasa, wanda aka ware mini in sa amarya. Har yau ban gaya mata ba.